Darasi na 7: Sabon mataimaki a gindin bishiya

A aikin gyaran bishiya, mutum ɗaya ne yake hawa sama da igiya da zarto mai inji. Sauran suna ƙasa. Su ne masu riƙe igiya, masu jan rassa da share wuri. Mutane da yawa sun ɗauka mai hawa ne kaɗai yake cikin haɗari. Ba haka ba ne. Duk abin da aka yanke a sama ƙasa zai zo, kuma a ƙasan nan akwai mutum.

Wannan darasi na shugaban aiki ne, ranar da aka haɗa shi da sabon shiga mai zumuɗi wanda bai taɓa samun horo ba.

Malalaci bai cika ba ni tsoro ba, domin inda ka bar shi nan za ka same shi. Mai zumuɗi ne abin tsoro. Yana so a ga ƙoƙarinsa, yana so a sake kiransa gobe. Da reshe ya taɓa ƙasa sai ya ruga ya ɗauke, ba zai ɗaga kai ya ga ko wani yana biye ba.

Na taɓa aiki da wani saurayi irin wannan, a ranarsa ta farko. Ina sama, na yanke reshe ɗaya ya faɗi, na sa zarto a na biyu har ya ci rabi. Da na leƙa sai na hango hularsa daidai ƙarƙashina, ya sunkuya yana jan na farkon. Na tsayar da inji, na kwarma ihu, amma reshen ya riga ya karye. Taku biyu daga bayansa ya sauka. Yaron ya ɗago yana murmushi, bai san abin da ya tsallake ba. Na sauko jikina yana rawa, da niyyar yi masa faɗa. Sai na tuna abin da na gaya masa da safe: "Ka riƙa kwashe rassa." Iyakar abin da na faɗa ke nan, kuma shi ya yi. Laifin nawa ne.

Nauyi da lokaci

Sabon shiga yana ganin in abu ya taho zai kauce. Ka zaunar da shi ku yi lissafi. Ɗanyen gungume mai tsawon mita 1 da kaurin santimita 30 yakan kai kilo 60, wani itacen ma ya fi haka. Nauyin babban mutum ke nan. Idan ya faɗo daga tsayin mita 10, bai kai daƙiƙa ɗaya da rabi ba ya iso ƙasa, yana gudun kusan kilomita 50 a awa. Kafin ka ji ƙara, ka ɗaga kai, ka gane inda ya nufa, ya riga ya iso. Hular kwano tana tare ƙananan rassa da ɓaraguzai, dole a sa ta, amma ba za ta tare gungume ba.

Kafin a tayar da inji

Ka zagaya bishiyar tare da shi. Ka nuna masa busassun rassan da suka maƙale a sama, da wayar lantarki in akwai. Sannan ka shata da'irar da rassa za su faɗo, da igiya ko tsummoki masu launi, yadda ido zai gani. Kada ka ce "ka tsaya nesa". Nesa a wurinka daban, a wurinsa daban. Ka kai shi wurin da ƙafarka, ka ce, "Ƙanena, nan ne wurinka. Ba za ka tsallake wannan igiya ba sai na kira ka."

Idan kuma kayar da bishiyar za a yi gaba ɗaya, ƙa'idar ita ce kowa ya ja baya ninki biyu na tsawonta. Bishiya mai mita 15, a ba ta mita 30.

Kira da amsa

Wannan shi ne abin da na fi so ka riƙe. Mai hawa ba ya yanka sai ya yi kira: "A kauce!" Ba kuma zai yanka ba sai ya ji amsa: "An kauce!" Shiru ba amsa ba ne. Haka na ƙasa, ba ya shiga da'ira sai ya ce "Zan shigo!", ya ji an ce "Shigo!", ya kuma ga zarto ya tsaya. Mutum ɗaya ne yake amsawa a madadin na ƙasa, kuma ba sabon shiga ba ne.

Ƙarar zarto mai inji ta wuce desibel 100 (desibel shi ne ma'aunin ƙarfin ƙara), alhali daga 85 kunne yake fara cutuwa in aka daɗe. Saboda haka kowa yana toshe kunne, murya kuma ba ta isa. Ku yi amfani da usur da alamar hannu. Busa ɗaya mai tsawo tana nufin kowa ya tsaya, kuma ko wanda ya zo yau yana da ikon busa ta. Ku gwada sau uku kafin a hau. Kada ka tambaye shi "Ka gane?", domin "E, maigida" zai ce ko bai gane ba. Ka sa ya maimaita maka da bakinsa.

Abin da ba a ba shi

Zai roƙe ka zarto. Kada ka ba shi, ko don datsa ƙaramin reshe a ƙasa. Sarƙar zarton mai haƙora tana gudun kusan mita 20 a daƙiƙa, kuma idan saman bakin zarton ya taɓa itace, yakan yi tsalle ya dawo fuskar mai riƙe da shi. Reshen da ya danne a ƙasa ma yana lanƙwashe kamar baka, in aka yanke shi ba bisa sani ba sai ya yi bulala.

Igiyar sauke gungume ita ma ba ta sabon shiga ba ce. Idan ya riƙe wata igiya, kada ya naɗe ta a hannu ko a ƙugu, kada ya tsaya a cikin lanƙwasarta. In akwai injin daddatsa rassa, a nisanta igiyoyi da shi, domin in ya cafki igiyar mai hawa zai fizgo shi daga sama. Ba a tura reshe cikin injin da ƙafa.

To me zai yi? Zumuɗin nan kada ka kashe shi, ƙarfi ne, kuma za ka buƙace shi. Ka ba shi aiki ɗaya mai iyaka: ya tsare hanya kada masu wucewa su shigo, ko ya ja rassan da aka riga aka fitar daga da'ira. Idan ya tsaya a wurinsa ya jira kira, ka yaba masa a gaban kowa, don ya san jiran ma aiki ne. Idan ya tsallake igiya, a tsayar da aikin duka nan take, ka sauko, ka ja shi gefe ku yi magana. Wanda aka kunyata a gaban jama'a, gobe ɓoye kuskurensa zai yi. Idan ya sake a rana ɗaya, ka mayar da shi tsaron hanya har a tashi.

Aikin aji

Bishiya tana da tsawon mita 12, za a kayar da ita. Mita nawa mutane za su ja baya?

Ku tashi biyu-biyu, ɗaya mai hawa, ɗaya na ƙasa. Ku yi kira da amsa da murya, sannan ku toshe kunnuwa ku sake yi da hannu kaɗai.

Rubuta jimla uku da za ka faɗa wa sabon mataimaki da safe, kafin a tayar da inji.