Yadda Za Ki Jingina Ƙafafu a Bango Kafin Barci

Jingina ƙafafu a bango yana cikin yoga, salon motsa jiki da numfashi wanda asalinsa Indiya ne. A yoga, ƙa'idar farko da Patanjali, malamin yoga na zamanin da, ya lissafa ita ce ahimsa, wato kada ki cutar da kowa, har da jikinki. Idan mace ta haura arba'in, gwiwa da ƙugu sun fara ƙorafi, wannan ƙa'idar ce abin riƙewa.

Da farko ki shimfiɗa tabarma dab da bango. Ki zauna kafaɗarki ɗaya na taɓa bangon, sannan ki kwanta a hankali kina ɗaga ƙafafu har su jingina. In bayan cinya ya ɗaure, matsa baya kaɗan ki ɗan lanƙwasa gwiwa. Kada ki yi ja-in-ja da jiki. In ya yi ciwo, sassauta. Ni na fi son ƙaramin matashi ƙarƙashin ƙugu, nan ne gajiyar yini take sauka.

Shaƙi iska ta hanci ki ƙirga 4, ki fitar ki ƙirga 6. Minti 5 zuwa 10 ya isa.

Wajen saukowa, mirgina gefe ki ɗan huta kafin ki miƙe, kada jiri ya ɗebe ki.

Mai hawan jini ko ciwon ido na glokoma ta fara tambayar likita tukuna.