Yadda Za Ka Tsaya Da Ƙafarka A Harkar Kwamfuta Da Kamfaninka A Kano

Toh jama'a, matasa da yawa suna tambayata yadda za su buɗe kamfanin kansu, sun iya haɗa manhaja ko saita netwok ko gyara wa 'yan kasuwa tsarin lissafi, amma har yanzu da sunansu suke karɓar aiki, kuɗi ya faɗo Opay ɗinsu ya gauraye da na cefane. Wallahi abin yana damuna, don na yi wannan rayuwar.

Fara da rajista a CAC, wato hukumar yi wa kamfanoni rajista ta ƙasa. Tun dokar kamfanoni ta 2020 mutum ɗaya ma zai iya buɗe kamfani, ba sai ka je neman ɗan'uwa ya ara maka suna ba. Akwai rajistar sunan kasuwanci mai lambar BN, akwai ta cikakken kamfani mai lambar RC. In burinka makarantu da asibitoci da manyan dilolin Kwari da Singa ne, ni shawarata ka yi mai RC, don sun fi sakin jiki da ita, kuma a doka kamfanin daban kai daban. Ka samu lambar haraji ta TIN, ka buɗe asusun banki da sunan kamfanin, duk wata ka yanka wa kanka albashi daga ciki. Kar ka manta duk shekara ana kai wa CAC rahoto, in ka share tara ce take taruwa.

Inda aka fi kwana a ciki shi ne yarjejeniya. Na taɓa yi wa wani Alhaji mai shaguna uku tsarin ƙirga kaya, da baki muka yi magana, ya ce "yaro kar ka damu, ai mun zama ɗaya", aikin sati uku ya koma wata biyar, yau a ƙara masa shafin bashi gobe a haɗa masa da sito na Dawanau jibi yaron shago ya goge abu a kira ni bayan isha'i, ciko kuwa har yau ana Allah ya kaimu. Tun daga nan ba na taɓa madanni sai an rubuta: me zan yi, me ba ya ciki, yaushe zan gama, gyara sau nawa ne kyauta. Shafi ɗaya ya isa, da Hausa ma in ya fi wa mai ba ka aikin sauƙi. Rabin kuɗi kafin alƙalami. In ya ce "ba ka yarda da ni ba ne?" sai ka ce ranka ya daɗe, ƙa'idar kamfani ce, kaga nan ma rajistar ta yi maka rana.

Wajen yanka farashi ka lissafa data da man janareto ko sola, don wutar KEDCO ba abin jingina ba ce, da kuɗin adaidaita, da watannin da ba aiki. Manyan ma'aikatu sukan cire haraji kafin su biya ka, ka nemi takardar shaidar cirewar ka adana, za a rage maka ita a naka harajin.

Bayanan kwastomomin wanda ka yi wa aiki kuma amana ce, akwai dokar kare bayanai ta 2023. In ka gama aiki ka miƙa masa kalmomin sirrinsa a rubuce, ka zaunar da yaron shagon ka koya masa, sannan ka kawo maganar kuɗin kula na wata-wata tun kana wurin.