Shawara ga masu rubuta labarin masu shan jini

Marubuta, ku bar dodon Turawa mai kwana a akwatin gawa. Ku ɗauko maye.

Mai karatu ya riga ya san dokarsa: ƙanƙara a ciki, kama kurwa, a tilasta masa tsallake wanda ya kama. Kun huta da babi guda na bayani.

Mai farautarsa fa? Ga Sarkin Mayu. Ku haɗa shi da mahauci a kasuwar Muda Lawal ta Bauchi, wanda ke rikiɗa kura da dare yana neman kujerarsa. Rikicin sarauta ya samu.

Dabarar ba ta ci ga wanda bai tashi a ƙasar Hausa ba, sai kun yi masa bayani. Kuma kar ku liƙa wa wata unguwa ko ƙabila maita, wallahi fitina za ku jawo.