Rage Cin Itace da Gawayi Daga Bakin Murhu

A gidajenmu, inda aka fi ɓarnar muhalli ba a sani ba shi ne madafa. Murhun duwatsu uku da ƙyar yake kai kashi 15 cikin 100 na zafin itace ga tukunya, sauran iska ke kwashewa. Gawayi kuwa ya fi cin daji: kilo 1 yakan lamushe itace kilo 5 zuwa 10 kafin ya fito daga rami.

A fara da itacen. Ɗanye yana ɓata wutarsa wajen ƙafar da ruwan jikinsa, shi ya sa hayaƙi ke turnuƙe gida. A faskara shi ƙanana, a jera a kan duwatsu ya bushe sosai, a riƙa tura guda biyu ko uku kawai.

Sai a kewaye murhun da laka da aka kwaɓa da yashi da ƙaiƙayi, a bar ƙofa ɗaya ta itace. Tsakanin tukunya da bangon a bar tazarar santimita 1, kaurin ɗan yatsa ke nan. In ta matse, wuta ta shaƙe. In ta yi faɗi, zafi ya gudu. A bar ginin ya bushe a inuwa kamar mako guda, don wanda aka shanya a rana ko aka yi gaggawar hura masa wuta tsagewa yake yi.

Wake ne babban mai cin itace. A jiƙa shi awa 8, a zubar da ruwan, a dafa da murfi a rufe. Kanwa tana saurin nunar da shi, amma in ta yi yawa tana kashe sinadarin bitamin B. Dabarar da ta fi ita ce kwandon dahuwa: a shimfiɗa tsummoki ko buhun ƙaiƙayi mai kaurin santimita 10 a cikin kwando. Wake ya tafasa minti 20, a sauke da murfinsa, a cusa, a danne da matashi, a bari awa 3 zuwa 4. Shinkafa minti 5 a wuta, minti 45 a kwando. Kada a buɗe don leƙawa. In tukunya ba ta cika ba, ko an iske abincin ya huce, a sake tafasawa kafin a ci, saboda ɗumi-ɗumi ne ƙwayoyin cuta ke so.

A daina hura wuta da leda, hayaƙinta guba ne; ƙiraruwa da ɓawon gyaɗa sun wadatar. Garwashin da ya rage a rufe shi a gwangwani mai murfi, gobe ya yi aiki. Kuma komai sanyin hunturu, kada a kwana da gawayi a rufaffen ɗaki, iskar da yake fitarwa ba ta da wari amma tana kisa.