Yadda ake gano dalilin nauyin sabar Linux bayan gwajin lodi a kan PostgreSQL

An gama gwaji da pgbench ko sysbench, kayan aikin da ke ɗora wa rumbun bayanai na PostgreSQL aiki mai yawa don auna ƙarfinsa, an tsayar da komai, amma sabar ba ta dawo daidai ba: shiga ta SSH na jan lokaci, ƙaramar tambaya ga rumbun bayanai sai ta ɗauki daƙiƙoƙi. Kada ka yi saurin kashe na'urar ka kunna. Yin hakan zai share duk alamun da za su nuna maka inda matsalar take, kuma ranar da masu amfani na gaske suka yi yawa za ta dawo.

1. Adana shaida tukuna

Kwafe abin da ke cikin /proc/meminfo da /proc/vmstat da /proc/buddyinfo zuwa fayil, ka haɗa da sakamakon dmesg. Idan ka ga saƙon da ke cewa wani aiki ya maƙale sama da daƙiƙa 120, yawanci faifai yake jira. Sannan ka bar vmstat 1 ya yi minti guda kana kallon ginshiƙan si da so (abin da ke dawowa daga swap, wato wurin da ake ajiye rarar RAM a faifai, da abin da ake turawa can) da ginshiƙin wa (lokacin da CPU ke jiran faifai). A kanel (zuciyar Linux da ke kula da RAM da faifai da CPU) 4.20 zuwa sama akwai /proc/pressure, wanda ke nuna ko RAM ake jira, ko faifai, ko CPU.

2. Tabbatar ba PostgreSQL ɗin ke ci gaba da aiki ba

Mutane da yawa suna ɗora wa kanel laifin da ba nasa ba. Gwajin da ya sabunta miliyoyin layuka yakan bar tarin matattun layuka, autovacuum kuma, aikin sharar da PostgreSQL ke yi da kansa, zai bi su yana sharewa bayan an tashi. Duba pg_stat_activity da pg_stat_progress_vacuum. In shi ke cin faifan, ƙyale shi ya gama, ka sake aunawa.

3. Bayanan da ba a sauke kan faifai ba

Nan ne aka fi samun matsalar. Idan PostgreSQL ya rubuta abu, kanel yana riƙe shi a RAM, sai daga baya ya sauke shi kan faifai. Layin Dirty da Writeback a /proc/meminfo su ke nuna yawan abin da ke jira. Saitin asali na vm.dirty_background_ratio shi ne 10, na vm.dirty_ratio kuma 20, wato kaso cikin ɗari na RAM ɗin da ke samuwa. Wannan lissafi ya dace da ƙananan na'urori. A sabar mai 128GB, kashi 20 zai iya kai kusan 25GB, kuma faifan da ke rubuta 200MB a daƙiƙa sai ya yi sama da minti biyu kafin ya kwashe shi. Da zarar an doshi wannan iyaka, kanel zai fara taka wa duk mai rubutu birki, har da ayyukan da ba ruwansu da gwajin.

Maganin shi ne a daina lissafi da kaso, a koma adadi. Za ka iya farawa da vm.dirty_background_bytes = 268435456, wato 256MB, da vm.dirty_bytes = 1073741824, wato 1GB, a fayil cikin /etc/sysctl.d, ka loda da sysctl --system. Da ka sa waɗannan, takwarorinsu na kaso za su koma sifili da kansu. Faifan NVMe zai ɗauki fiye da haka, don haka ka auna da iostat -x kafin ka tsayar da adadi.

4. Tarwatsewar RAM da manyan shafuka

Kanel yana raba RAM a shafuka masu 4KB, babban shafi kuwa 2MB ne a x86-64, kuma sai an samu ƙanana 512 a jere. Bayan gwaji mai tsanani, RAM ɗin da ya rage yakan zama gutsattsari. A /proc/buddyinfo, idan ginshiƙan da ke can dama sun koma sifili ko kusa da shi, haka ta faru. Sai kanel ya riƙa tsayar da ayyuka yana kwashe shafuka don ya haɗa manya. Alamarsa: compact_stall na ƙaruwa a /proc/vmstat, lokacin sy a vmstat (lokacin da CPU ke yi wa kanel aiki) ya yi sama, perf top kuma na nuna ayyukan compaction, wato wannan haɗa shafukan.

Duba /sys/kernel/mm/transparent_hugepage/enabled, saitin da ke sa kanel ya riƙa ba ayyuka manyan shafuka da kansa. In yana kan always, mayar da shi madvise ko never, ka sa transparent_hugepage=never a GRUB, mai tayar da kanel, don ya ɗore bayan an sake kunna na'urar. Ga shared_buffers kuwa, wato RAM ɗin da PostgreSQL ke riƙe bayanansa a ciki, abin da ya fi shi ne ka ware manyan shafuka tun farko da vm.nr_hugepages, ka sa huge_pages = on. Lura: idan shafukan da ka ware ba su isa ba, PostgreSQL ba zai tashi ba.

5. Swap da NUMA

Idan si na motsi bayan gwaji, abin da aka tura swap ne ke dawowa a hankali. Rage vm.swappiness daga 60 zuwa 10 ko ƙasa. Kada ka yi swapoff -a sai ka tabbatar MemAvailable ya fi abin da ke cikin swap, in ba haka ba kanel na iya kashe PostgreSQL don neman wuri. A sabar mai soket biyu, inda kowane CPU ke da nasa ɓangaren RAM (wato NUMA), numastat -m zai nuna ko ɓangare ɗaya ya cika ɗayan na zaune; ka kuma tabbatar vm.zone_reclaim_mode yana kan 0.

Game da echo 3 > /proc/sys/vm/drop_caches, umarnin da ke sa kanel ya zubar da kwafin fayilolin da yake riƙe a RAM: yana da amfani wajen bincike, musamman in slabtop ya nuna dentry (ajiyar sunayen fayiloli a RAM) ya kumbura, amma ba gyara ba ne. Yana zubar da bayanan da rumbun ya dogara da su, sai an sake karanto su daga faifai. Kada a sa shi a cron, mai maimaita ayyuka lokaci-lokaci.

6. Maimaita gwajin

Canza saiti ɗaya kawai kowane zagaye, ka yi gwajin da adadin masu haɗi da tsawon lokaci iri ɗaya. Bar vmstat da iostat su ci gaba da rubutu zuwa fayil har minti 30 bayan an tsayar da lodin, ka kwatanta tsawon lokacin da Dirty da wa suka ɗauka kafin su sauko da abin da ka adana a matakin farko.