Yadda ake auna gudun ruwan teku a kewayen tsibiri da na'urar rada

Masuncin Yauri ya san cewa ruwan da ya ci karo da gungu yakan rabu biyu, ya yi juyi a bayansa. Haka teku take yi wa tsibiri, kuma ɗalibanmu na kimiyya a Aliero da Birnin Kebbi ya kamata su san yadda ake auna wannan juyi daga tudu, domin masu neman jirgin da ya ɓata da masu bin sawun man da ya malala sun dogara da shi.

Na'urar tana aiki ne a gajeren zango, irin wanda rediyo yake kamawa. Tun 1955 wani masanin kimiyya mai suna Crombie ya lura cewa siginar da aka aika kan teku tana dawowa da ƙarfi daga igiyoyin ruwan da tsawonsu ya kai rabin tsawon zangonta. Da yake an san saurin da irin waɗannan igiyoyi suke tafiya da shi a ruwan da ba ya gudu, duk ƙari ko ragin saurin da aka gani a siginar da ta dawo, gudun ruwan ne ya haddasa shi.

A fara da zaɓen zango, wanda ake aunawa da megahaz, wato yawan kaɗawar sigina. Megahaz 5 yana iya kaiwa kimanin kilomita 200, amma taswirar gudun ruwan da yake bayarwa ba ta fayyace ƙananan juye-juye; megahaz 25 bai cika wuce kilomita 40 ba, sai dai shi ya fi dacewa da mashigi tsakanin tsibirai. A nemi lasisi kafin a kunna.

Zaɓen wuri shi ne inda aikin yake gyaruwa ko ya lalace. Tasha guda ba ta ganin komai sai ruwan da yake nufo ta ko yake nisantarta, saboda haka dole a kafa aƙalla biyu, yadda layukansu za su haɗu a kusurwar da take tsakanin digiri 30 da 150. Tsibirin kansa yana raunana sigina, ya bar bayansa ba a gani, alhali a can ne juyin yake. A ganina gara a ƙara tasha a kan tsibirin da a cike giɓin da lissafin kwamfuta, kuma a mashigin da ya raba tsibiran Malta da Sisili a tekun Bahar Rum an kafa tashoshi ne a gaɓoɓin biyu. A dasa eriya dab da ruwa, nesa da rufin kwano da turakun lantarki, sannan a zagaya gabanta a jirgi ɗauke da ƙaramar na'urar sigina, a gyara karkatar da eriyar take yi wajen gane alkibla.

Bayan haka a saki ƴan tulluna masu GPS su bi ruwa, a kwatanta tafiyarsu da taswirar da ake samu duk sa'a, tare da tuna cewa rada tana auna mita ɗaya zuwa biyu na saman ruwa ne kawai.

Wanda yake tunanin gwadawa a tafkin Kainji ya sani cewa gishirin teku ne yake taimakon siginar ta yi nisa. A ruwan daɗi takan mutu da wuri, don haka a kogi akan koma ga rada mai zango mafi gajarta da take aiki daga kusa.