Kafin ka yarda da launukan da FreeCAD ya nuna maka

Aikina zanen sassan inji ne, kuma na daɗe ina amfani da FreeCAD, manhajar zane ta kyauta wadda sigarta ta 1.0 ta fito a watan Nuwamban 2024. A cikinta akwai sashen FEM, inda ake daddatsa abin da ka zana zuwa ƙananan gutsattsari, a lissafa yadda kowanne ke ɗaukar nauyi. Gmsh ne ke saƙa ragar gutsattsarin, CalculiX kuma shi ke yin lissafin. Duka kyauta ne.

Duk wanda ya zo koyo wurina, ba na barin sa ya fara da wani zane mai sarƙaƙiya. Sandar ƙarfe nake ba shi, mai tsawon milimita 300, faɗi 20, kauri 20. A kafe kai ɗaya a bango, a rataya wa ɗaya kan nauyin Niwton 500, wato kusan kilo 51. Kuma kafin ya taɓa kwamfuta sai ya ɗauki biro da takarda. Da ƙarfe mai taurin megafaskal 210,000 (megafaskal ma'aunin matsi ne), lissafin hannu zai nuna cewa bakin sandar zai sunkuya da kusan milimita 1.6, matsin da ke gindinta kuma megafaskal 112.5. Ka rubuta lambobin nan biyu ka ajiye a gabanka, su ne alƙalanka.

Yanzu ka buɗe manhajar. Zana sandar a Part Design, wato sashen zana sassa, ka koma FEM, ka ƙirƙiri sabon bincike. Zaɓi ƙarfe daga jerin kayan, amma ka leƙa ka ga lambobin da ke ciki da idonka: taurin 210,000, adadin Poisson 0.3, wato yadda ƙarfen ke sirancewa idan an ja shi. Sai ka kafe fuska ɗaya ta ƙarshen sandar, ka ɗora ƙarfin a ɗayar.

A nan mutane da yawa ke tuntuɓe. Idan ka zaɓi fuska kawai ka wuce, ƙarfin zai bi tsawon sandar ne, yana jan ta ko yana tura ta, ba lanƙwasa ta ba. Dole ka zaɓi gefe guda mai tsaye ya zama alkibla, sannan ka duba kiban da suka bayyana a allo, ka tabbata ƙasa suke kallo.

Sai raga. Ka fara da gutsattsari masu girman milimita 5, kuma ka bar su a mataki na biyu, masu ƙarin ɗigo a tsakiyar kowane gefe. Ni na taɓa mayar da su mataki na farko don kwamfutata ta yi sauri. Saurin kuwa ta yi, amma sandar ta fito da taurin da ba ta da shi, sunkuyawar ta gaza abin da takarda ta ce nesa ba kusa ba. Da ban yi lissafin hannu ba, da na haɗiye ƙaryar ban sani ba, don hoton ya yi kyau ƙwarai.

Kunna CalculiX, ka buɗe sakamakon. Fara duba sunkuyawa: idan tana kusa da 1.6, ka kama hanya. Rage girman gutsattsarin zuwa 2.5 ka sake. In lambar ba ta motsa sosai ba, ragarka ta isa.

Matsin von Mises kuwa, wato lamba ɗaya da ke haɗa matsin da ke kowane wuri don a gwada ta da juriyar ƙarfen, sai an yi hattara. A daidai kusurwoyin da ka kafe za ka ga ja jawur, alamar matsi mafi yawa, kuma duk lokacin da ka ƙara matse raga lambar sai ta ƙara hawa, ba ta tsayawa. Wannan ba daga ƙarfen yake ba, daga lissafin ne, don kafewa ɗari bisa ɗari a kusurwa mai kaifi babu ita a zahiri. Ka ɗan matsa gaba kaɗan daga gindin ka karanta a can, ka gwada da takardarka. In ƙarfen gini nau'in S235 ne, wanda ke fara sallamawa a wajen megafaskal 235, to sandar na ɗauke da kusan rabin abin da za ta iya jurewa.

Ran da ka koma kan ainihin zanenka, duk kusurwar ciki mai kaifi ka zagaye ta da lanƙwasar da za a yi mata a wurin ƙira, sannan ka matse raga a wurin kaɗai.